Yadda Mai Gida Zai Karɓi Gidansa Daga Ɗan Haya a Kano: Matakai Takwas

Tun da na ambaci cewa ni ke kula da gidajen gadonmu guda uku, biyu a Gwammaja ɗaya a Na'ibawa, saƙonni ba su daina shigowa ba, kuma kusan duk tambaya ɗaya ce: "Malam, ɗan hayata ya ƙi biya kuma ya ƙi tashi, ya zan yi?" Wasu masu tambayar zawarawa ne da kuɗin ɗaki biyu ke ciyar da marayunsu, wasu kuma 'yan fansho ne da suka zuba garatutinsu a ciki da falo huɗu. Ni ba lauya ba ne, amma na zauna a gaban mai unguwa, na zauna a bencin kotu, na kuma ga yadda mai gaskiya ke komawa mai laifi saboda ya tsallake mataki ɗaya. Ga yadda ake bin abin daki-daki.

1. Tattara takardunka tun kafin ka ce uffan

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka ɗaga wa ɗan haya murya, nemi jaka guda ka zuba waɗannan a ciki: shaidar cewa gidan naka ne, takardar yarjejeniyar haya idan akwai, kwafin rasit na duk kuɗin da ya taɓa biya, da saƙonnin waya ko na WhatsApp da kuka yi a kan kuɗin. Idan ta banki yake turowa, je ka a buga maka bayanin asusunka, ka ja layi a ƙarƙashin kowane biya.

Shaidar mallaka tana iya zama takardar gwamnati, ko takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu, ko takardar rabon gado daga kotu. Tun 1978 doka ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, don haka wanda ke da takardar mallaka ta gwamnati ya tabbata ya biya kuɗin ƙasa, ya kuma bi sabunta takardu da aka ƙaddamar ta hannun KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta jihar Kano, a ƙarshen 2024. Shari'ar haya ba shari'ar mallakar fili ba ce, amma ɗan hayan da ya so jan lokaci ta nan yake fara shiga.

Gargaɗi ga masu gidan gado: idan ba a raba ba, kada ka tafi kai kaɗai da sunan "ai ni ne babba". Sa sauran magada su rubuta maka takardar wakilci, mata da maza, kowa ya sa hannu. Na ga ɗan haya da ya miƙe a gaban alƙali ya ce ƙanwar mai ƙara ce ta ce ya ci gaba da zama, har ya ba ta kuɗin wata uku. Nan take magana ta watse, aka koma sasanta 'yan gida ɗaya.

Idan babu yarjejeniya a rubuce, kada hankalinka ya tashi. Hayar baki haya ce, rasit da shaidu suna tabbatar da ita. Wahalarta dai ta fi yawa.

2. Tantance wace irin haya ce tsakaninku

Nan ne tushen komai, domin irin hayar ita ke yanke tsawon notis. Idan yarjejeniyarku ta faɗi tsawon notis, abin da kuka rubuta shi za a bi. Idan ba ta faɗa ba, ƙa'idar da kotuna ke bi ita ce: mai hayar mako a ba shi mako guda, mai hayar wata a ba shi wata guda, mai biyan wata uku-uku a ba shi wata uku, mai hayar shekara kuma wata shida cur.

Akwai bambancin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Hayar da aka rubuta mata ranar farawa da ranar ƙarewa, misali "shekara ɗaya tak, daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba", tana mutuwa da kanta idan ranar ta zo. Wannan ba ta buƙatar notis na wata shida, notis na kwana bakwai kawai za ka bayar. Amma idan wa'adin ya cika, ka sake karɓar kuɗin wata shekara ba tare da sabuwar takarda ba, ka kuma yin haka a shekara ta gaba, to ka mayar da shi ɗan hayar shekara-shekara, wata shida kuma ta hau kanka.

Sannan ka duba da wane lissafi kuke ƙirga shekarar. A cikin gari har yanzu akwai masu cewa "kuɗinka na ƙarewa bayan babbar salla". Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kwana 10 zuwa 11, shekara uku kawai ta isa ta haifar da gardamar wata guda. Koma kan rasit na farko ka ga ranar da aka rubuta.

3. Fara da sulhu, amma a rubuta shi

Kada ka raina wannan mataki. Kashi mafi yawa na rigingimun da na shiga a nan suka mutu, kuma ba a kashe komai ba sai kuɗin goro.

Fara da zuwa wajensa kai da mutum ɗaya mai mutunci, ba da dare ba, ba kuma a gaban iyalinsa ba. Idan bai yi ba, kira dillalin da ya kawo shi da wanda ya tsaya masa. Idan nan ma shiru, sai ƙofar gidan mai unguwa. Zama na ƙarshe da na yi irin wannan bayan la'asar ne, a kan tabarma a soron mai unguwa, limamin masallacin layin yana gefe. Ɗan hayan tela ne, bashin wata takwas a kansa. Ya cire hula ya ajiye a gwiwa ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ƙi na yi ba, kasuwa ce ta tsaya, keken ɗinkin ma ɗaya na sayar." Mai unguwa ya juyo gare ni ya ce, "To Malam, ka ji. Me za ka iya yafewa, me ba za ka iya ba?" Na yafe wata biyu, ya ɗauki alkawarin biyan shida a kashi uku, ya kuma tashi cikin kwana sittin. Ɗan mai unguwa ya rubuta a takarda, muka sa hannu mu biyar, kowa ya ɗauki hotonta a waya. Ranar da ya kawo makulli har addu'a muka yi wa juna.

Abin da takardar sulhu za ta ƙunsa: jimillar bashi da lamba da kuma kalmomi, abin da aka yafe, ranakun biya, ranar tashi, da sunayen shaidu. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta umarce mu da rubuta bashi, aya ta 280 kuma ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Duka biyun naka ne. Sai dai ka bambance wanda ba shi da shi da wanda yake da shi ya ƙi. Wanda ya sauya mota a bana amma ya ce ba shi da kuɗin haya, jinkirta masa zaluntar marayun da ke jiran kuɗin ne.

Idan na unguwa ya gagara, akwai Hukumar Hisba, hedikwatarta na Sharaɗa kuma tana da ofisoshi a ƙananan hukumomi. Akwai kuma cibiyar sulhu ta babbar kotun jiha, wadda ake kira Multi-Door, da ke aiki tun 2009. Amfanin wannan ta biyun shi ne, idan alƙali ya sa hannu a kan abin da kuka daidaita, ya zama hukuncin kotu, ana iya zartar da shi.

Gargaɗi: Hisba da mai unguwa sulhu suke yi, ba su da ikon fitar da kayan mutum waje. Kuma kada ka tsaya jiran sulhu har lokacin ba da notis ya wuce ka. Ana iya tafiyar da biyun tare.

4. Notis na farko: na tashi

A nan yawancin masu gida ke faɗuwa, don haka zan ɗan daɗe.

Notis ya zama a rubuce. Ya ƙunshi sunan ɗan haya kamar yadda yake a rasit, cikakken adireshin gidan da ɓangaren da yake ciki (shago ne, ɗaki ne, ko sashen sama), irin hayar, ranar da ake so ya miƙa gida, ranar da aka rubuta, da sa hannunka. Ba dole ne ka kawo dalili ba, kuma kada ka sa zagi ko barazana, domin takardar nan a gaban alƙali za a karanta ta.

Ga lissafin. A ce hayar shekara-shekara ce da ke farawa 1 ga Janairu. Shekararsa na cika 31 ga Disamba. Notis ɗinka ya isa hannunsa kafin 30 ga Yuni ta wuce, ya kuma ce ya tashi ranar 31 ga Disamba. Ni nakan kai tun tsakiyar Yuni. Notis da ya zarce wata shida ba ya ɓaci, wanda ya gaza da kwana ɗaya shi ke jawo gardama. Kuma daga ranar da ya karɓa ake ƙirgawa, ba daga ranar da ka rubuta ba.

Akwai wani kuskure da ni ma na taɓa yi. Na bar wa dillali ya rubuta notis ya sa hannu a madadinmu, ba tare da na ba shi izini a rubuce ba. Lauyan ɗan hayan bai tambayi komai ba sai takardar izinin. Babu. Wata shida suka tafi a banza, muka sake daga farko. Saboda haka idan lauya ko dillali ne zai sa hannu, rubuta masa takardar izini mai kwanan wata da ya riga na notis ɗin.

Wajen kaiwa, buga kwafi biyu. Ba shi ɗaya hannu da hannu, ya sa hannu a ɗayan da kwanan wata. Je da shaida wanda zai yarda ya tsaya a kotu, ba yaron gida ba. Idan ya ƙi karɓa ko yana ɓuya, a liƙa a ƙofarsa, a ɗauki hoto yadda lambar gidan za ta fito. Kada ka ba wa ƙaramin yaro ka ce ya ba babansa. Turawa ta WhatsApp ƙari ne mai kyau, amma kada ka dogara da shi kaɗai.

Gargaɗi a kan karɓar kuɗi bayan notis: bashin baya haƙƙinka ne, karɓi abinka, amma rubuta a rasit cewa bashin wata kaza zuwa wata kaza ne. Kada ka karɓi kuɗin sabuwar shekara alhali kana son ya tashi, zai ce kun ƙulla sabuwar haya.

Za ka ji ana cewa ai Kotun Ƙoli ta sassauta. Gaskiya ne, a 2021, a shari'ar kamfanin Pillars da Desbordes, ta nuna cewa shigar da ƙara na iya gyara tangarɗar da ke cikin notis. Amma wannan hujja ce da lauya zai tsaya ya kare, kai kuma kana biyan kowane zama. Yi notis ɗinka daidai tun farko ya fi maka araha.

5. Notis na biyu: kwana bakwai

Ranar tashi ta zo bai tashi ba. Washegari ko bayanta, ba kafin nan ba, sai ka ba shi notis na biyu, wanda ke sanar da shi cewa nan da kwana bakwai za ka nemi kotu ta karɓar maka gidanka. Kwana bakwai cikakku: ban da ranar da aka ba shi, ban da ranar da za ka shigar da ƙara. Idan ya karɓa ranar Litinin, kada ka je kotu sai Talatar mako mai zuwa. Yadda ka kai na farko haka za ka kai wannan.

Wannan mako da watannin da ke biye su ne lokacin da zuciya ke tafasa, 'yan uwa kuma na zuga ka. Kada ka cire kwano. Kada ka ɓalle ƙyaure, kada ka garƙame ƙofa da kwaɗo, kada ka yanke wuta ko ka rufe famfo, kada ka toshe masai, kada ka turo matasan unguwa. Ko bashin shekara biyar kake binsa, ranar da ka yi ɗaya daga cikin waɗannan shi ne zai kai ka ƙara, ta kutse da ɓarna, ya kuma lissafa kayan da ya ce sun ɓata. Wani maƙwabcinmu ya yaye kwanon ɗakin ɗan hayarsa ana tsakiyar damina. Ruwa ya jiƙa katifa da kayan ɗakin matar. Bashin da yake bi bai kai rabin diyyar da aka sa shi ya biya ba, ga kwana a hannun hukuma. Garin neman gira ya rasa ido.

Haka kuma kada ka kai maganar caji ofis. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya. Idan ka sa aka tsare shi, yana iya maka ka a babbar kotu kan take masa haƙƙi. 'Yan sanda na shigowa ne idan an yi duka, ko barazana, ko ana aikata laifi a gidan.

6. Shigar da ƙara

Je kotun da ke da hurumin unguwar da gidan yake. Akwai kotunan majistare a Nomansland, Gyaɗi-Gyaɗi, Gidan Murtala da sakatariyar Audu Bako, akwai kuma kotunan shari'ar Musulunci irin ta Ƙofar Kudu da ta Filin Hoki. Idan ku duka Musulmi ne, kotun Musulunci na sauraron rigimar haya, da Hausa ake yi, kuma mutane da yawa na tsayawa da kansu. Idan ɗan hayan ba Musulmi ba ne, kamar yadda ake yawan samu a Sabon Gari, ba a tilasta masa zuwa can, sai ka nufi majistare. Idan kamfani ne, ko kuɗin masu nauyi ne, ɗauki lauya tun daga notis na farko.

Abu uku za ka roƙa, kuma ka roƙe su tare: a ba ka gidanka, a biya ka bashin haya, a kuma biya ka kuɗin zaman da ya yi bayan wa'adinsa ya ƙare har ranar da zai miƙa makulli. Na ukun nan mutane ke mantawa. Idan hayar naira 600,000 ce a shekara, kowane wata 50,000 ke nan. Shari'ar da ta ci wata bakwai ta tara maka 350,000, amma alƙali ba ya ba ka abin da ba ka roƙa ba. Idan akwai bashin wutar KEDCO ko na ruwa da ya tara, ko ɓarna a gini, kawo takardar bil da hotuna da ƙiyasin magini a rubuce.

Idan ya riga ya tashi, kuɗi kawai kake bi, akwai kotunan ƙananan basussuka da aka buɗe a Kano a 2019. Da iyakar naira miliyan 5 aka fara su, an tsara su gama shari'a cikin kwana 60, kuma ba sai da lauya ba. Takardar neman biya ake fara aika wa wanda ake bi. Su kuɗi kawai suke karɓowa, ba sa fitar da ɗan haya.

Kuɗin da za ka tanada: na shigar da ƙara, wanda ke tafiya da yawan abin da kake nema, na kai sammaci, na buga takardu, na motar shaidunka a kowane zama, sai na lauya idan ka ɗauka. Duk abin da ka biya a rajistara karɓi rasit. Da lauya kuma ku yi magana a rubuce tun farko: jimilla ce ko kowane zama, kuma ta haɗa da zartar da hukunci ko ba ta haɗa ba. Ka guji masu tare mutane a bakin kotu suna cewa sun san alƙali.

7. Zaman kotu

Je da asalin takardu da kwafinsu, ka riga alƙali zuwa. Wanda ya kai notis ya zo da kansa. Amsa abin da aka tambaye ka kawai. Labarin yadda matarsa ta zagi matarka ba ya cikin ƙararka, yana cin lokaci ne kurum. Za a ɗage zama, wataƙila sau da yawa. Kada ka yi fashi ko sau ɗaya, domin rashin zuwan mai ƙara na sa a kori ƙara. Idan a tsakiya ya nemi sulhu, karɓa, amma a kai takardar gaban alƙali ta zama hukunci.

Ga masu sayen gida da ɗan haya a ciki, da magadan da mahaifinsu ya rasu ya bar 'yan haya: a mazhabar Malikiyya mutuwar mai gida ko ta ɗan haya ba ta warware haya, sayar da gida ma haka. Wanda ya biya shekara sai ya cinye shekararsa. Rubuta masa takarda ka sanar da shi kai ne sabon mai gida, sannan ka fara lissafin notis.

Wani abu kuma da ke yawo a waya, wai doka ta hana karɓar hayar fiye da shekara guda. Dokar haya ta jihar Legas ce ta 2011, a can take aiki. Abin da ya shafe mu a nan shi ne sabuwar dokar haraji ta tarayya da ta fara aiki a Janairun 2026, wadda ta ba mai biyan haraji damar cire kashi 20 cikin 100 na hayar da yake biya daga kuɗin da za a lissafa masa haraji a kai, iyaka naira 500,000. Ma'aikatan da ke haya a gidanka za su riƙa neman rasit na gaskiya daga gare ka. Ba su, kai ma kariyarka ce.

8. Zartar da hukunci da karɓar makulli

Hukunci a hannu ba izinin fasa ƙofa ba ne. Alƙali kan ba ɗan haya wa'adi. Idan ya cika bai fita ba, koma rajistara ka nemi takardar zartarwa. Ma'aikatan kotu ne za su zo su fitar da shi, da rakiyar 'yan sanda idan da buƙata. Kai ka tsaya gefe, kada ka taɓa ko tsintsiya. Idan ya ce ya ɗaukaka ƙara, wannan kaɗai ba ya tsayar da zartarwa sai kotu ta ba da umarnin dakatarwa, amma idan an kawo maka takardar neman dakatarwar, tsaya har a saurare ta.

Sanar da mai unguwa ranar da za a zo. Idan akwai mata da yara a gidan, roƙi a yi da safe, a ba su damar kintsawa a cikin sutura. Ranar karɓar gida zagaya ɗaki-ɗaki da shaidu biyu kana ɗaukar bidiyo: ƙofofi, tagogi, wayoyin wuta, famfo, banɗaki. Rubuta lambar da mita ta nuna. Kayan da ya bari a lissafa su a takarda a gaban ma'aikacin kotu, ya sa hannu, a ajiye inda kotu ta ce, kada ka sayar don ka fanshe bashinka sai da umarninta. Bayan nan sai ka kira kafinta ya sauya makullai a ranar, ka karɓi kwafin takardar miƙa gida daga ma'aikatan kotu ka saka a jakar nan da ka buɗe a mataki na farko.